MAƘALAR MAKO: Muna Son A Karanta Mu, Amma Mun Kasa Karanta Bayan Kwali

 

Mun san da yawanku kun shigo ne kuna jiran mu ɗora daga inda muka tsaya kan ƙa'idar haɗe kalmomi da raba su. Ku yi mana uzuri, yau mun karkata akala. Maganar wani ɗan akwatin roba za mu yi, mai 'yan fitilu suna ƙyaftawa, wanda ake kira rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gida ko ofis ba tare da an ja igiya ba. Kuma mu faɗa muku tun yanzu, faɗa muka zo yi. Ta kanmu za mu fara sannan mu biyo ta kanku.

ABIN DA YA SAME MU

Mu shida ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a ɗakin zauren gidan ɗayanmu, nan Tudun Wadan Zariya, ba nisa da Kongo. Mu karanta wa juna abin da muka rubuta, mu yi gyara, mu yi ta musu har a kira magariba. Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, sai sayen 'yar datar kullum ya fara gagararmu. Muka yi karo-karo, muka tura mutum biyu Sabon Gari su sayo mana rauta, kowa ya huta.

Mai shago ya ɗauko wata baƙa mai ƙaho huɗu, ya ce, "Oga, wannan ce ƙarshe. Dubi eriyarta, ga 5G a jiki. Har maƙwabta sai sun kama." 'Yan aikenmu suka biya suka taho, ko rasit ba su karɓa ba. Muka taru muka ɓare kwali, muka juya ta gaba, muka juya ta baya, muna neman inda ake sa sim. Babu. Aka mayar, mai shago ya ce an riga an ɓare kwali, sai dai musanya da ciko. Aka yi ciko aka karɓo wata, ashe a kulle take da layin kamfani ɗaya, kuma sabis ɗin wannan kamfanin a ɗakinmu sai an kusanci taga.

Muka kira wani yaro ya saita mana. Minti biyar ya gama, muka sallame shi. Ya ajiye ta a ƙasa bayan tebur saboda can soket yake, ya ce kalmar sirrin ita ce lambar wayar mai ɗakin, don kada a manta.

Ɗayanmu ya shafe wata biyu yana gyaran wani gajeren labari da zai shiga gasa da shi. Ranar rufewa, da yake duk halinmu ɗaya ne na bari sai gobe, sai wajen sha ɗaya da rabi na dare ya gama. Ya buɗe imel, ya maƙala labarin, ya danna. Shiru. Fitilun rauta na nan kore shar, amma babu abin da ke tafiya. Datar wata guda ta ƙare a kwana tara. Wayarsa ba ko sisi, ya gwada saye ta banki abin ya maƙale, kafin ya tashi wani daga barci ya turo masa sha biyu ta gota. Labarin yana nan cikin kwamfutarsa har yau.

Washegari muka zaro alƙaluma. Babu abin da ba mu ce wa kamfanin ba. Wani a cikinmu har waƙa ya rubuta, baiti goma sha biyu, aka yi ta yaba masa. Muka sake haɗa kuɗi muka zuba wata datar. Asabar ta zagayo muna ta kumfar baki, sai ƙanwar mai ɗakin, 'yar aji biyar a sakandare, ta shigo kawo mana ruwa. Ta saurara kaɗan, ta ce, "Yaya, kun karanta abin da aka rubuta a ƙasanta kuwa?" Ta kifa rautar, ta kwafi wasu lambobi daga wata 'yar takarda da ke manne a wurin, ta rubuta su a wayar yayanta. Shafi ya buɗe. Sunan shiga admin, kalmar sirri admin. Ta nuna mana jerin na'urorin da ke shan datarmu a daidai lokacin: goma sha tara. Mu kuwa wayoyi shida ne da kwamfuta biyu. Lambar wayar da aka yi kalmar sirri da ita, ita ce rubuce ɓaro-ɓaro a allon tallar lesin da mai ɗakin ya kafa a ƙofar gida. Mai shago bai yi ƙarya ba, maƙwabta sun kama.

Abin da ya kawo mu ke nan. Mu ne kullum cikin kukan cewa mutanenmu ba sa karatu, ba sa sayen littafi. Amma takarda mai layi biyar, manne a jikin abin da muka saya da guminmu, marubuta shida babu wanda ya karanta. Muka bar jaki muna dukan taiki. Ra'ayinmu a yau shi ne: hanyar da rubutunka ke bi ya fita duniya kayan aikinka ce, daidai da alƙalami, kuma marubucin da ya miƙa saninta ga mai shago da yaron unguwa saboda ƙyuya ba shi da bakin kuka in ta yanke masa ranar da ya fi buƙata.

KA SAN ABIN DA KAKE SAYE

Rauta iri uku za ka tarar a kasuwa, a ido kuwa kusan kamarsu ɗaya. Ta farko ba ta da gidan sim ko kaɗan. Ba ta jawo intanet da kanta, sai an jona mata igiya daga wani wuri, misali igiyar faiba da kamfani ya ja zuwa ginin. Ofis ko makarantar da aka riga aka ja wa igiya ita ta dace da su. Ita muka fara saye. Ta biyu tana da gidan sim kuma da wutar lantarki take aiki, ita ce ta gida da ƙaramin ofis a irin unguwanninmu. Ta uku ita ce 'yar ƙaramar aljihu mai batir, MiFi, wadda takan ɗauki na'ura kamar goma kuma ƙarfinta bai cika wuce ɗaki ɗaya ba. Tana da daɗin tafiya, amma in ka bar ta a caji dare da rana cikin zafin Maris da Afrilu, batirin kumbura yake yi.

Sai maganar 5G, wadda da ita aka fi yanka mutane. Abu biyu ne mabambanta suke amsa suna ɗaya. Akwai 5G na kamfanin waya, wato sabon ƙarni na sabis da ke zuwa daga ƙarfen sabis. NCC ta yi gwanjon lasisinsa a Disambar 2021, MTN ya fara shi a 2022 a birane bakwai, Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Kano da Owerri da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Akwai kuma 5GHz, wanda zango ne kawai da rauta ke magana da wayarka ta kansa a cikin ɗaki, ba ruwansa da ƙarfen sabis. Masu kwali sukan taƙaita shi su rubuta 5G, mai saye ya ɗauka ya sayi gudun duniya. Ko da rautar ta 5G ɗin gaske ce, in sabis ɗin bai iso layinku ba, 4G za ta ba ka, ka yi asarar cikon da ka biya.

Haka lambobin nan manya na jikin kwali, 300Mbps ko AC1200. Gudun da ke tsakanin rauta da wayarka suke nufi, shi ma a yanayi mafi kyau. Wannan 1200 ɗin ma jimla ce aka yi, 300 na zango ɗaya da 867 na ɗayan, aka cike. Abin da zai iso maka daga waje kuwa sai abin da ƙarfen sabis ya bayar. Famfo ne: komai faɗin bututun cikin gidanka, ruwan da aka sako daga babban layi shi za ka tara. Yawan ƙaho ma ba ya ƙara ruwan. Mu daina sayen na'ura kamar muna zaɓen ragon layya.

ƊAKINKA NE ALƘALI

Kafin ka fitar da ko kwabo, gwaji za ka yi, kuma kyauta ne. Ari wayoyin 'yan uwa masu layuka daban-daban, ka zauna a ainihin ɗakin da za ka ajiye rautar, ka buɗe shafi ɗaya a kowace, ka tura hoto ɗaya, ka ga wadda ta riga. Yi da safe, yi da rana, sannan ka maimaita tsakanin takwas da goma na dare. Wannan na daren shi ne na gaskiya, domin Tudun Wada cike take da jama'a, ga ɗaliban Kongo da na makarantun da ke kewaye, kowa a lokacin yake hawa, ƙarfe ɗaya ake rabawa. Layin da abokinka ke yabo a Samaru ba lallai ya yi motsi a lungunku ba. Mu da muka tsallake wannan matakin cinikin biri a sama muka yi.

In gwaji ya nuna maka kamfani ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, babu laifi ka sayi rautarsa ta kulle, takan fi araha kuma sau da yawa da kyautar data take zuwa. In kuwa sun yi kunnen doki, ko kana shirin tashi daga gidan, ƙara kuɗi ka sayi buɗaɗɗiya wadda ke karɓar kowane sim. In ta hannu ce da aka shigo da ita daga waje, duba takardarta ka ga ko tana ɗauke da zangunan 4G da ake aiki da su a Nijeriya, irin su B3 da B7 da B20 da B28. Ka tafi da sim ɗinka, wanda aka riga aka haɗa da lambar NIN, a sa shi a gabanka ka ga ya yi aiki. Ka karɓi rasit, ka tambayi garanti. Mai shagon da ya ɓata rai don ka ce a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Ka kawo ta gida, to, ina za ka ajiye ta? Ba a ƙasa ba, ba cikin durowa ba, ba bayan talabijin ko firij ba. Ƙarfe yana mayar da sigina, ruwa yana shanye ta, saboda haka nesanta ta da kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da duron ruwa. Katangar laka mai kauri da bulo mai rodi duk suna rage ta. Sama za ka ɗora ta, kan kanta ko saman kabad, kusa da tagar da ke kallon inda ƙarfen sabis yake. In gida ne mai tsakar gida da ɗakuna a kewaye, ɗakin da ke kallon tsakar gidan ya fi wanda ke can ƙurya. Kada ka dogara da sandunan sabis ɗin nan na jikin fitila. A shafin saitin rautoci da yawa akwai wata lamba mai suna RSRP, da alamar ɗebewa a gabanta. Wadda ta fi kusa da sifili ita ta fi kyau: -85 lafiya lau, -110 kuwa wahala ce. Matsar da rautar daga kusurwa zuwa kusurwa kana duba lambar. Mu daga bayan tebur zuwa saman taga kawai muka ɗaga tamu, sai ka ce an canza mana kamfani.

In rautarka na fitar da suna biyu, ɗaya 2.4 ɗaya 5, ga bambancin: 2.4 ya fi nisa da ratsa bango amma ya fi cunkoso, 5 ya fi gudu amma bai son katanga. Wanda ke ɗaki ɗaya da rautar ya hau 5, na can ciki ya hau 2.4.

Sai wuta. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu. Yawancin rautocin gida bolt 12 suke ci, kuma abin da suke ja bai taka kara ya karya ba, wajen wat goma ne. Akwai ɗan ƙaramin batirin ajiya da ake yi musamman dominsu, akwai kuma igiyar da ke ɗaga wutar fawa banki zuwa bolt 12. Sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko, ka tabbata bolt ɗin ya yi daidai da wanda ke rubuce a jikin cajarta. In hadari ya haɗo da tsawa, zare ta.

MAKULLIN GIDANKA A HANNUN WA?

Nan ne muka fi jin kunyar kanmu. Rauta makulli biyu gare ta, yawancinmu ɗaya muka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin Wi-Fi, wadda kake ba wanda zai hau. Na biyu shi ne na shafin saiti, wanda duk mai riƙe da shi shi ne mai gida: zai iya ganin kalmar farkon, ya canza ta, ya kore ka daga abinka. Shi wannan na biyun daga masana'anta yake zuwa da kalma irin admin, kuma kowane yaro mai wayo ya san haka.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada kalmomin sirrin masana'anta kusan sittin a kan rautoci da kyamarorin tsaro. Ta kame dubban ɗaruruwa, aka yi amfani da su a watan Oktoba aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka, har da Twitter da Netflix. A Birtaniya, tun Afrilun 2024 doka ta hana a sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai saukin cinka irin ta gama-gari. Mu nan babu mai tsare mana sai mu.

Aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Hau Wi-Fi ɗin rautar, kifa ta ka karanta adireshinta, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka rubuta shi a burauza inda kake rubuta sunan shafi. In wani ne ya saita maka a baya ko ta hannu ka saya, fara da samo tsinke ka danne ɗan ramin riset kamar daƙiƙa goma, ta koma yadda ta fito daga kwali. Canza kalmar shafin saiti kafin komai. Canza sunan Wi-Fi zuwa wanda ba ya nuna gidan wane ne. A wajen tsaro zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai. WEP tsohon kwaɗo ne da aka daɗe da gano lagonsa, kada ka kusance shi. Kashe WPS, wanda tun 2011 aka tona cewa ana iya fasa lambarsa.

Ita kuwa kalmar sirri, nan ne sana'armu ya kamata ta yi rana. Ba lambar waya ba, ba sunan ɗa ko shekarar haihuwa ba, ba sunan littafinka ba. Jera kalmomin Hausa huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka cusa lamba a tsakani, ta wuce harafi goma sha biyu. Kada ka ɗauko sanannen karin magana. Kuma duk da yaƙin da muke yi kullum a nan kan haruffa masu lanƙwasa, wannan wuri ɗaya ne da muke cewa a ajiye ɓ da ɗ da ƙ, domin tsarin da haruffan Turanci zalla aka gina shi, wata na'urar ba za ta karɓa ba. Rubuta kalmomin biyu a littafinka na takarda. Duk mako ka leƙa jerin waɗanda ke kai.

Me ya sa muka nace? Ban da data, abu biyu. Wanda ya shigo rautarka yana ɗaki ɗaya da kwamfutarka, in ka bar jakar rubutunka a buɗe ga masu tarayya zai iya gani. Na biyu ya fi nauyi: sim ɗin da ke cikin rautar da sunanka da NIN ɗinka aka yi rajistarsa. In baƙo ya hau ya yi damfara ko barazana, sawun zuwa layinka zai biyo.

ƁARAWON CIKIN GIDA

Bayan mun kori baƙi goma sha ɗaya, datar ta ci gaba da gudu, ko da yake ba kamar da ba. Nan muka gano sauran ɓarayin a aljihunmu suke. Waya da kwamfuta an ƙera su ne bisa zaton cewa Wi-Fi kyauta ne mara iyaka, kamar yadda yake a ƙasashen da aka ƙera tsarin. Da zarar sun hau, sai su fara sabunta manhajoji, su kwashi hotuna su tura ma'ajiya, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka jefa a zauruka arba'in da kake ciki. Windows kaɗai na iya shanye gigabait da dama a sabuntawa ɗaya. Maganin yana cikin saiti: ka nuna wa kowace na'ura cewa wannan Wi-Fi ɗin na awo ne, ka kashe saukewa da kanta. Kuma wanda aka ce maka "mara iyaka", karanta ƙananan rubutun ƙasa, galibi akwai adadin da in ka kai gudun zai faɗi.

Ga wani lissafi da ya kamata ya sa mu yi shiru. Littafi mai kalma 50,000, in rubutu ne zalla, bai fi kilobait 300 ba. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Awa ɗaya ta bidiyo kuwa ɗaruruwan megabait take ci. Wato rubutu bai taɓa cinye datar kowa ba. In ta ƙare ranar da za ka tura labari, tambayi kanka abin da ka kalla a makon.

MASU CEWA...

Mun san amsoshin da ke tafe, bari mu tare su.

Wani zai ce, "Ni marubuci ne, ba injiniya ba." To, 'yar aji biyar ɗin nan injiniya ce? Karatu kawai ta yi, abin da muke taƙama da shi.

Wani zai ce ai da Turanci aka rubuta komai. Gaskiya ne, kuma wannan ƙarar a kanmu take. Wa ake jira ya rubuta shi da Hausa? Daga Tudun Wada zuwa Tukur-Tukur tafiyar ƙafa ce, can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, wanda muke kiran sunansa a kowane taro, bai tsaya ga Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba. Shi da Rupert East sun rubuta Ikon Allah, suna bayyana halittu da yadda duniya ke tafiya da Hausar da ɗan firamare zai gane. A shekarun 1950 hukumar NORLA, nan Zariya, ta buga ƙananan littattafai barkatai don masu yaƙi da jahilci, kan lafiya da noma da sana'a. Su ba su ga bayanin abin amfani ya fi ƙarfinsu ko ya yi musu ƙanƙanta ba. Mu jikokinsu dubu nawa ne a wannan zaure, kuma mutum nawa ne ya taɓa rubuta shafi ɗaya da zai hana ɗan uwansa sayen rauta marar gidan sim? Soyayyar attajiri da 'yar talaka mun rubuta ta har ta gaji. Ba mu ce a daina ba. Cewa muka yi harshen da ba ya iya bayanin abin da ke cikin ɗakin mai shi, a hankali mai shi zai riƙa ajiye shi in magana ta yi nauyi.

Wata za ta ce, "Maƙwabcina ya roƙe ni kalmar sirri, da wane ido zan hana shi?" Mun gane, kara halinmu ce kuma ba mu ce a yar ba. Amma bayarwa daban, wawaso daban. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi mai kalmar sirrinsa daban, wanda bai haɗuwa da kwamfutarka, wasu ma har gudunsa za ka iya ragewa. Buɗe masa wannan, ka riƙa canza kalmar duk wata, domin wayoyin yanzu da hoton lamba ɗaya suke miƙa Wi-Fi ga wani, wanda ka ba mutum ɗaya kafin Juma'a ya zama na layi guda. In kuwa kullum yake hawa, ku zauna ku yi maganar karo-karo. Faɗin gaskiya da wuri ya fi gaba daga baya.

Wani zai ce ba shi da kuɗin rauta. Shi wannan muna tare da shi. In kai kaɗai ne, kuma aikinka rubutu da tura imel, wayarka ta ishe ka, kada kowa ya sa ka cin bashi. Rauta na da amfani ne inda mutane da yawa za su raba babbar data ɗaya, ko inda kunna hotsifot kullum ke dafa batirin waya. Sanin cewa ba ka buƙatarta shi ma cikin sanin ne.

Na ƙarshe zai ce muna wanke kamfanoni. Ba mu wanke kowa ba. Sabis na yankewa, kuɗi ya ƙaru, wani lokacin matsalar ma daga teku take, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin ruwa suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya rikice a ƙasashe da dama. Amma ƙorafin wanda ya ce "na duba, mu takwas ne a kai, siginata kaza ce, ga abin da na saya ga abin da na samu" shi ake saurara. Namu na farko ihu ne kawai, kuma da a ce an kai mu gaban alƙali da waƙar nan tamu mai baiti goma sha biyu, mu za a ci tara.

AIKIN WANNAN MAKO

Abu biyu muke nema. Mai rauta ko MiFi, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka kifa ta, ka karanta, ka shiga, ka ƙirga baƙinka, ka canza makullan biyu. Sannan kowa da kowa, mai rauta da marar ita, ya zaɓi na'ura ɗaya da ke gidansu, mitar wuta ce, batirin sola ne, injin markaɗe ne, ya rubuta kalma 300 da Hausa tsantsa yana bayyana yadda ake zaɓenta da yadda ake aiki da ita, yadda Inna za ta ji ta gane ba tare da ta ce a maimaita ba. Za ku tarar ya fi rubuta shafi goma na hirar masoya wuya. Wanda ya fi fita za mu ɗora shi a nan mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Shi kuwa ɗan uwanmu mai labarin, ya ce wannan karon kwana uku kafin rufewa zai tura. Mun ce mun ji, za mu gani.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, ƙofa a buɗe take, ya zo da hujjarsa. Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Wassalam.